Anti Walwala da Buhunan Tela

Sunan bai dace da fuskarta ba, kowa ya san haka. Yaran bayan tasha ne suka laƙaba mata shi saboda a ofishin walwalar jama'a take aiki, amma ita kanta walwala ba ta cika daɗewa a fuskarta ba. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, da wata baƙar jaka da ta fi ƙarfin hannunta. Takalminta kullum a karkace yake ta gefe guda, yawon ƙafa ya cinye shi. In ta shigo layi, matan da ke hira a bakin famfo sukan rage murya su bi ta da ido, kowace tana so ta ga gidan da za ta faɗa.

Ita ce babba a ɗakinsu. Ubansu makanike ne, mota ta zame daga kan jak ta danne shi tun tana 'yar makaranta. Bayan rasuwarsa wasu masu taimako suka zo gidan da buhun shinkafa da mai hoto. Aka tsayar da ita a gaba, aka ce ta rungume buhun ta yi murmushi. Buhun ya fi ta nauyi, mai hoton kuma bai gamsu ba sai da aka sake, aka kuma sakewa. Shinkafar ta ƙare kafin wata ya mutu, masu taimakon ba su sake leƙowa ba, uwarsu ta shiga wankau a gidajen mutane har hannuwanta suka tsattsage. Tun daga nan ta tsani rabon buhu, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Da ta gama karatu ta kama aiki, sai ta tarar akwai wata magana da ake ta nanatawa a taron ofis, wai ci gaba mai ɗorewa. Manya su yi ta juya ta da Turanci har shayi ya huce. Ita a wurinta maganar ba ta wuce mutum ya ci gaba da tsayuwa bayan ka juya masa baya ba, kuma da wannan fassarar ta yi aiki har furfura ta fito mata.

Tana da irin tata hanyar aiki wadda ba a koyarwa a makaranta. Ba a yi mata magana a bakin ƙofa. Ko an tare hanya ana cewa ai lafiya lau, sai ta ce, "To madalla, bari in ɗan huta, ƙafata ta gaji," ta raɓa ta shige. Ta zauna a bakin gado ta ji ko katifar a jiƙe take. Ta roƙi ruwa don ta ga kofin. Ta kalli wuyan yara, ta shaƙi warin ɗakin, ta lura da wanda ya fi kowa yin shiru. Kafin ta tashi ta san abin da ke gidan fiye da mai gidan. Mijinta, tsohon direba da ciwon suga ya zaunar, yakan ce ko barzahu aka kai ta sai ta ɗaga labule ta ga yadda ake kwana. Ba ta yin dariya, amma ba ta musa ba.

Cikin duk mutanen da suka bi ta hannunta, da Tela ta fi alfahari.

A gaban tasha ta fara ganin sa, ba takalmi, yana wa motoci jawabi. Da ta bincika aka ce ai tela ne mai shago, matarsa ce ta rasu kansa ya juye. Ciwon irin mai tashi da ƙarfi ne: barci ya ƙaurace masa, baki ya ƙi rufuwa, ya kama aiki ba ji ba gani har ya faɗi. Akwai 'yarsa guda, an kai ta gidan yara na hukuma tana ƙarama. Anti Walwala ta yi ruwa ta yi tsaki a lamarin. Ta kai shi asibitin masu taɓin hankali, ta sha zagi, ta sha tofin yawu, har aka samu allurar da ta karɓe shi, ta wata-wata. Ta samo masa keken ɗinki daga shirin koyar da sana'a na ofis, ta kama masa ɗaki a wani gidan haya. Da ya natsu ya yi ƙiba, mutane suka koma kawo masa ɗinki, sai ta ɗauko maganar da kowa ya ce ba za ta yiwu ba, wato a mayar masa da 'yarsa.

Kawun yarinyar, yayan marigayiya, ya ce atafau. Ya taso daga wani gari mai nisa ya buga tebur a gaban kwamitin da ke duba maganar, ya ce ba za a ba mahaukaci 'yar ƙanwarsa ba. Aka yi ta ja har aka tsaya a kan sharaɗi: za a ba uban, amma in ciwon ya dawo, yarinya ta koma hannun kawu, kuma ba sauran zama a kan maganar.

Ranar da ta kawo yarinyar ɗakin, Tela ya durƙusa ya riƙe 'yan hannuwanta yana ta cewa, "Mamana, Mamana." Anti Walwala ta ji idonta na neman ba ta kunya, sai ta ɗaure fuska ta kira shi gefe.

"Tela, ka saurare ni. Allurar nan ita ce uwarka, ita ce ubanka. Ranar da ka bar ta ciwon nan ya dawo, ba wani za a aiko ba. Ni ce zan zo, da hannuna zan ɗauke ta. Ka ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Haka yake kiran ta tun yana asibiti. Ita kuma maganar ba daga zuci ta yi ta ba. Dabara ce ta masu irin aikinsu, a ɗan tsorata mutum don ya riƙe magani. Ta yi wa mutane da yawa, ta ga amfaninta, ta manta ma ta faɗa.

Shekaru suka wuce lami lafiya. Yarinyar ta shiga makaranta, ta iya sa maɓalli da kalmasa. Aka cire Tela daga cikin waɗanda ofis ke bibiya, aka manna hotonsa a bangon ɗakin taro. In baƙi suka zo daga masu ba da tallafi, Darakta yakan loda su a mota a kai su su ga Tela yana taka keke, su gyaɗa kai su ɗauki hoto. Anti Walwala ba ta son hoton, amma a wannan karon takan kau da kai. Ko ba komai, wannan ba buhu aka ba shi ba.

Sai annoba ta zo.

Da farko a rediyo take, a ƙasashen wasu. Kafin a ankara aka rufe makarantu, aka rufe kasuwa, aka kafa shinge a manyan hanyoyi. Gari ya yi tsit, sai jiniyar motar asibiti. A ofis aka tara su a tsakar gida, kowa nesa da kowa, Darakta ya karanto sabuwar doka ta cikin takunkumi: ba shiga gidan kowa. A tsaya daga waje, a yi magana daga nesa, in da hali ma a yi ta waya.

"Ranka ya daɗe," in ji Anti Walwala, "in ban shiga ba, me na je yi?"

"Kin je ki dawo da ranki. Kina da mai ciwon suga a gida, ko kin manta?"

Ba ta manta ba. Wannan ne ma ya ɗaure ta. In ta dawo da yamma, a bayan gida take tuɓe kayan aiki ta jiƙa su a bokiti, ta yi wanka, sannan ta leƙa mijinta daga ƙofar ɗaki. Ta koma kwana a falo. In ya yi tari sau ɗaya, sai ta tashi zaune ta kasa kunne. Tsoro take ji ƙwarai, irin wanda ba ta taɓa ji ba duk shekarun da ta yi tana shiga gidajen mashaya da masu duka. Don haka ta bi doka, ta zama mai tsayawa a bakin ƙofa.

Aiki kuwa ya yi mata rubdugu. Mazan da aka kulle a gida ba sana'a suka huce a kan matansu. Wani tsoho ya mutu shi kaɗai a ɗaki, sai wari ne ya sanar da maƙwabta. Waɗanda ta yi shekaru tana tsayar da su da ƙafarsu, mai aski da mai wanki da mai gyaran takalmi, duk suka zube lokaci guda, suka dawo layin karɓar buhu, ita ce ma mai miƙawa. Ranar farko da ta yi rabon, ta koma gida ta kasa cin abinci don takaici.

Shi ya sa da ta ji hukuma na neman masu ɗinka takunkumin rufe baki da hanci, ta yi wuf ta kafa ta tsare sai da aka ba telolin shirinsu aikin. Ga sana'a a cikin kulle, ga amfanin jama'a, ba roƙo ba bara. Ta kai wa Tela yadi da zare da roba, ta ajiye a tsakar gidan hayar ta ja da baya, ya fito ya ɗauka.

Tsarin karɓar kayan ma doka ce ta tsara shi. Tela ya zuba abin da ya ɗinka a buhu, ya ɗaure baki, ya ajiye a tsakar gida ya koma ƙofar ɗakinsa. Ita ta ɗauka da safar hannu ta sa a bayan motar ofis. A sito kuma ba a buɗe buhu sai ya yi kwanaki a ajiye, don in da cuta a jikinsa ta mutu. Mai sito yana jera su, na farko a gaba, sabo a baya, kuma da yake teloli da yawa ke kawowa, layin buhuna ya yi ta tsawo.

Zuwan farko buhu ɗaya ta samu. Na biyu, biyu. Daga nan sai abin ya zama kamar da bakin ƙwarya. Sauran teloli suna kukan ciwon baya, Tela yana cika bayan mota shi kaɗai.

"Yaya, kin ga aiki ko?" yake ɗaga murya daga ƙofa. "Garin nan kaf sai na rufe masa baki. Manya da yara, har jarirai, har na cikin ciki. Ki ce su ƙaro yadi. Ni ba na gajiya, Yaya, wallahi ƙarfi nake ji kamar an sake haihuwata."

"Allah ya yi albarka. Ina Mamanka?"

"Tana ciki, tana taya ni."

Wani ɗan hannu ya ɗago ta bayan gilashin taga ya yi mata alama. Ta ɗaga nata. Ta ga idon Tela ya yi ja a saman takunkumi, ta ce ai zare ne da rashin haske. Ta ji maganarsa tana gudu tana hawa kan juna, ta ce ai murnar samun aiki ce. Wayarta tana ta ruri a jaka, wata mata ce mijinta ya fasa mata baki a wancan layin. Ta loda buhuna ta wuce, kuma a duk yinin wannan ne kaɗai gidan da ta bari da sanyin zuciya.

Abin haushin shi ne, babu wanda ya san ciwon Tela kamar ta. Ita ce ta koya wa ma'aikatan ofis alamominsa, rashin barci da yawan magana da aiki ba tsayawa. Da a gaban tasha ta gan shi yana haka, da kallo ɗaya ya ishe ta. Amma wannan karon alamomin sun zo mata a ɗaure cikin buhu da sunan nasara, a lokacin da take neman nasara ido rufe. Har a taron waya da masu tallafi ta yi misali da shi. Ta ce ga mutumin da aka tsayar da ƙafarsa, annoba ta zo ta kasa kayar da shi. Aka tafa mata.

Wata ranar da hantsi tana wanke hannu a bakin ofis, mai sito ya leƙo.

"Anti, ɗan zo ki ga wani abu. Na iso kan buhunan mutuminki."

Ya zazzage ɗaya a kan tebur. Takunkumai ne masu kyau, ɗinki a miƙe, sai dai babu igiyar ratayawa ko ɗaya. Ya kwance na gaba. Waɗannan ƙanana ne, ba su fi tafin hannun jariri ba. Na bayansa an haɗe su da juna sun zama doguwar igiya, mai sito yana ja tana fitowa ba ta ƙarewa. Kuma yadin ba na ofis ba ne. Ta ga labule. Ta ga rigar katifa mai furanni. Ta sa hannu cikin tarin ta ɗago wani shuɗi mai layi-layi, a gefensa akwai rabin bajen makaranta, almakashi ya raba shi biyu. Kayan makarantar yarinyar ne.

"Wannan buhun yaushe ya zo?"

"Ai ya kwana biyu, Anti. Ke kika kawo shi. Ga na bayansa can jibge, ko taɓa su ban yi ba."

Ba ta jira direba ba. Da ƙafa ta tafi, tana haki a cikin takunkumi, jakar nan tana dukan cinyarta. Tun daga bakin layi ta jiyo ƙarar keke. A tsakar gida ta ci karo da tsohuwar da ke ɗakin kusa da na Tela, wadda duk gidan ke kira Gwaggo.

"Gwaggo, tun yaushe keken nan yake haka?"

"'Yar nan, ai mun zaci kin sani. Ba dare ba rana. Mu barci ma mun haƙura da shi."

"Kina gani ina zuwa, me ya hana ki faɗa mini?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. "Yarinyar ce ta zo ta durƙusa mini. Ta ce don Allah Gwaggo kada ki gaya wa Anti. Ni kuma da tsufana, in ga yarinya a ƙasa tana kuka?"

Anti Walwala ta tura ƙofa ta shiga. Rabonta da cikin ɗakin wani tun kafin kulle.

Zafi da wari suka tare ta. An toshe duk wata kafa ta taga da ƙyallaye. Katifa tsirara, soso a waje. Babu labule, babu zanin gado, babu ko tsumma a kan igiya, komai an yanka. Tela yana kan keke, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa sun kumbura a kan abin takawa. Zare ya ƙare tuni. Allurar keken tana ta huda yadi tana barin ramuka kawai, shi kuma yana turawa yana jawowa kamar ɗinki yake yi.

"Rufe ƙofa, Yaya! Kada ki shigo mana da iska!"

A lungu, bayan buhuna, yarinyar tana zaune sanye da wata tsohuwar singileti ta ubanta. Fuskarta a ɗaure take da takunkumi, wani kan wani, har ba a ganin komai sai ido. Anti Walwala ta durƙusa ta fara kwancewa. Igiyoyin sun ci bayan kunnuwan sun yi gyambo. Na ƙarshen ya manne da fata, sai da ta jiƙa shi da ruwan gorarta. Leɓen yarinyar ya bushe ya tsage.

"Yaushe rabonki da abinci?"

"Ina ci, Anti. Yana bari in ɗaga kaɗan in sa a baki." Ta kama hannun rigar Anti Walwala, yatsun ba ƙarfi. "Lafiyarsa ƙalau, wallahi. Aiki ne ya yi masa yawa. In an gama aikin zai yi barci. Don Allah, Anti."

Anti Walwala ta miƙe ta je ta ɗora hannu a kan kan keken, ta tsayar da shi.

"Tela, yaushe rabonka da allura?"

"Sun rufe asibitin. Na je na tarar an ja igiya a ƙofa, wasu masu fararen kaya har ido suka ce an mayar da wurin na masu annoba, wai mu tafi can ƙetaren gari. Babu mota, Yaya, sojoji a hanya. Amma ba komai, ai na warke, ba ki ga aiki ba? Wanda bai warke ba zai yi wannan?"

"Ina zuwa gidan nan. Ina tsayawa a can, kana gani na. Kalma ɗaya, Tela, da na nemo maka ita ko a ina take. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Idon nan da ke ta yawo ya tsaya a kanta, na ɗan lokaci ta ga Telan da ta sani.

"Ke kika ce da hannunki za ki ɗauke ta, Yaya."

Ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta so ta ce ai ba haka take nufi ba, ai tsoratarwa ce, amma wa za ta faɗa wa? Mutumin ya riƙe maganarta kamar yadda ta ce ya riƙe. Ya faɗa wa 'yarsa, 'yar ta faɗa wa Gwaggo, gida guda suka haɗu suka ɓoye mata abin da ita kaɗai za ta iya gyarawa.

A tsayen nan ta yi tunanin rufe maganar. Ta nemo allura ta bayan fage, ta ɗauke yarinyar ta ajiye a gidanta har ya dawo daidai, kwamiti bai ji ba, kawu bai gani ba. Tana cikin wannan lissafin yarinyar ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi ɗaukar ta, ta zube a kan buhuna, ido ya juye. Wannan sai asibiti, asibiti kuma sai sun tambayi yadda aka yi. Anti Walwala ta sunkuya ta ɗauke ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Tela bai hana ta ba. Ya bi ta har tsakar gida da wani takunkumi a hannu yana cewa, "Rufe mata baki, Yaya, akwai iska. Don Allah rufe mata." Maƙwabta suka riƙe shi. Har ta kai bakin layi tana jin muryarsa.

Yarinyar ta farfaɗo a asibiti. Da aka buɗe hanyoyi kawu ya zo, bai ko ɗaga murya ba wannan karon, ya ce dama ya faɗa. Kwamiti bai zauna ba, tunda sharaɗi a bayyane yake. A tasha yarinyar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kalli Anti Walwala ba. Ta shiga mota ta zauna ta bakin taga, ta juya wa gilashin baya.

Aka kwantar da Tela a asibitin can ƙetaren gari. Wani ya cire hotonsa daga bangon ɗakin taro ba tare da an ce komai ba, wurin ya bar farin tabo. Anti Walwala ta tayar da ƙayar baya a ofis da ma'aikatar lafiya, ta ce sai an bi duk masu allurar wata-wata gida-gida an yi musu. Ta yi faɗa da Darakta har ya ce ta fita masa daga ofis, ta fita ta dawo. Daga baya aka yarda, aka haɗa ta da wata nas, suka tarar da mutane da dama a bakin rami suka jawo su. Aka yaba mata a taro, aka ce wannan tsari ne da ya kamata ya ɗore har bayan annoba. Ta zauna tana kallon tebur har aka tashi. Ta kuma koma shiga ɗaki, da doka ko ba doka, takunkumi biyu a fuska. Ba ta sake tsorata kowa da 'ya'yansa ba, ko da hakan ya sa wasu suka raina ta.

Annoba ta lafa, aka buɗe kasuwa, yara suka koma makaranta. Wata safiya ta iso ofis ta tarar da mutum zaune a benci, cikin wankakkun kaya, hannuwansa a kan gwiwa. Magani ya kumbura masa fuska, motsinsa ya yi nauyi. Ya miƙe a hankali.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau, Tela. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi. Jiya ma na karɓi allurar wannan watan. An ce kina zuwa duba Mamana."

Tana zuwa, lokaci-lokaci, aikinta ne. Yarinyar ta yi tsawo, tana cin abinci, tana zuwa makaranta. Amma matar kawu ta ce in suka bi ta layin teloli a kasuwa sai ta toshe kunne ta ruga, kuma tun zuwanta ba ta taɓa ambaton ubanta ba.

"Tana tambaya ta?"

Anti Walwala ta gyara tabarau. Ƙarya tana nan a bakinta, mai sauƙi, amma ta kasa.

"Tana zuwa makaranta. An ce tana ƙoƙari."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da tef ɗin awo, a naɗe tsaf, ya miƙa mata da hannu biyu.

"In kin je, ki auno mini ita. Kafaɗa, da hannu, da tsawo. Kada ki ce ni na ce. Riga zan ɗinka mata, in bar yatsa uku a ƙasa in naɗe, don kafin su yarda a kai mata ta ƙara girma."

"In suka ƙi karɓa fa, Tela?"

"Sai in ajiye," in ji shi. "Baɗi ki sake auno mini."